Ranar da Alhaji Illiassou Ya Ƙi Shan Miya a Saint-Fons

A shekarar 2008 Alhaji Illiassou ya taso daga Damagaram zuwa Faransa don abu biyu: a gyara masa ido, kuma ya hana wani aure. Na idon bai ba da wahala ba. Likita ya ce yanar ido ce, ya cire ta, Alhaji ya fito yana ganin Paris tangaran, abin da ya gani kuwa bai ƙara masa son ta ba.

Auren na Kausar ne, 'yar ƙanensa marigayi Attahiru. Ni da Attahiru tare muka yi karatu, tare muka raba wani ɗaki a unguwar Belleville ta Paris wanda in ɗaya zai yi sujada sai ɗayan ya hau gado. Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Safara'u da 'yar nan guda a La Courneuve, a gefen Paris. Kausar ta tafi Lyon karatun haɗa magunguna, ta dawo da takardar shaida da kuma wani dogon saurayi jikan 'yan Italiya, mai suna Dario, wanda ya musulunta tun kafin ya san ta, ya zama Youssouf. Wannan ne ya fi ɓata wa Alhaji rai. Ya zo da shirin ya ce yaron ba ya salla, ya tarar yaron ya fi ni zuwa masallaci. Ya nemi ya ce ba shi da sana'a, aka ce injiniya ne. Sai asali ya rage, shi kuwa asali abu ne da Alhaji ya ce ba a jin sa a waya.

"Ba na hana aure daga nesa kamar gwamnati," in ji shi. "Zan je in ga gidan da idona, tunda an gyara shi. Kai, Uzairu, za ka yi mini tafinta."

Kafin mu tafi Kausar ta tsare ni a bakin matakala. Tonton take ce mini, wato kawu.

"Tonton, s'il te plaît, don Allah ka sa ido a kan abu ɗaya. Baffa ba ya cin abincin mutumin da zai ce wa a'a. Baba ya sha gaya mini. In ya ci, shi ke nan. In bai ci ba..."

"In bai ci ba fa?"

"Ba zan yi auren da bai yarda ba. Ba kuma zan yi wani ba. Voilà."

Ta faɗe shi ba kuka, da muryar da take gaya wa mutane yadda ake shan ƙwaya. Ubanta ne sak, kuma na san ba wasa take ba.

Ran Lahadi da safe muka hau jirgin ƙasa. Youssouf ya tarye mu a tasha a Lyon, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Alhaji a gaban Turawa, da Hausar da aka yi masa bita. Alhaji ya amsa kamar mai amsa gaisuwar ɗan kwastan.

Saint-Fons, garinsu da ke gefen Lyon, a lokacin gari ne na masana'antun sinadarai, dogayen bututai a jere gefen kogi, da wani wari da ba ka iya cewa na mene ne. Youssouf ya fara ba da haƙuri a kan warin. Alhaji, wanda fataucin fata ya yi duk rayuwarsa, ya shaƙa sosai ya ce a gaya wa yaron wannan ai turare ne, ya zo majemar Damagaram da rani.

Gidan ƙarami ne, da ɗan lambu a baya inda aka kafa karare wake yana hawa. Mai gidan a takarda uban Youssouf ne, mutum mai shiru wanda ya yi aiki a masana'anta har ya yi ritaya. Mai gidan a zahiri uwarsa ce, Madam Palmira, 'yar gajeriyar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, wadda ta zo daga wani ƙauyen dutse a kudu da Roma tana amarya. Sai kuma Madam Ornella, uwar Youssouf, wadda iyayenta mutanen wajen Milano ne, kuma ba ta bari a manta da hakan. Aka yi gaishe-gaishe. Alhaji ya tambayi lafiyar gida, da gajiya, da sanyi, da iyali na kusa da na nesa. Na fassara duka, su kuma suka yi ta cewa merci suna kallon juna, suna jiran tambayar da za ta zo da magana a cikinta.

Da azahar ta gabato aka kai mu tebur. Madam Palmira da kanta ta zuba wa kowa a kwano mai zurfi. Miya ce mai kauri: wake, kabeji, karas, dankali, albasa, wani koren ganye da ban sani ba, busasshen burodi a ƙasa ya sha romo, man zaitun yana yawo a sama. Minestrone suke kiranta. Ƙamshin ya tuna mini ban karya ba.

Alhaji ya dubi kwanon, ya dubi ƙofar kicin, ya jira. Can ya karkato wajena.

"Ina tuwon?"

"Babu tuwo, Alhaji. Haka ake sha, da cokali."

"Miya tsura?"

"Tsura."

"Allah Sarki," ya ce a hankali, kamar an gaya masa wani ya yi gobara. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya jingina.

Tunda babba bai taɓa cokali ba, ni ma ba dama. Youssouf ya ga haka ya ajiye nasa. Uban ya riga ya kai loma ɗaya baki, ya rasa yadda zai yi da ita, ya haɗiye a ɓoye. Waya ta yi motsi a aljihuna. Saƙon Kausar ne: Il a mangé? Wato, ya ci? Na mayar da wayar aljihu.

"Alhaji," na ce ƙasa-ƙasa, "in ce musu kana azumi?"

"Azumin ƙarya a gidan mutane? Ka ce na gode, Allah ya ƙara arziki."

Na faɗa. Madam Palmira ta ce arziki na nan cikin kwano yana hucewa. Ta yi wa jikanta wata magana da harshensu, ya sunkuyar da kai, ta miƙe ta shiga kicin. Sai ga ta da tukunyar gaba ɗaya, jar tukunya mai fenti, ta dire ta a gaban Alhaji, ta juya ta don ya ga takardar kanti da ke manne a gefe.

Youssouf ya yi bayani. A garinsu da fatar alade ko ƙashinsa ake ɗora wannan miya, haka kakarsa ta yi ta tun tana yarinya. Da ya gaya mata baƙin da za su zo, ba ta tsaya a cire naman ba. Ta ce tsohuwar tukunyarta ta sha alade har cikin ƙarfenta, wanki ba zai fitar ba. Ta shiga gari ta sayo sabuwa, da sabon ludayi, da sabuwar wuƙa, da katakon yanka.

"Ka gaya masa," in ji tsohuwar da Faransancinta mai tsakuwa, "na san ba ta yi daɗi yadda ya kamata ba. Tukunyar ba ta iya aikin ba tukuna. Amma babu abin da Allahnsa ya hana a ciki."

Na fassara. Alhaji ya daɗe yana kallon takardar kantin. Ya ce bai yi zargin komai ba, Allah ya saka da alheri. Hannuwansa ba su bar gwiwa ba.

A nan Madam Ornella ta ga ranarta ta zo.

"Na gaya miki, Mamma. Wa zai ba baƙo jiƙaƙƙen burodi? Mutanen Afirka shinkafa suke ci."

Ashe ta dafa tata tun jiya ta ɓoye a ɗakin sama, kamar makami. Ta sauko da ita, ta ɗumama, ta zuba wa Alhaji a wani kwanon kusa da na farko. Irin ta Milano ce, da shinkafa a ciki, da ɓawon cuku da aka bari ya yi laushi. Yanzu Alhaji na da miya biyu a gaba, tuwo babu ko ɗaya.

Madam Palmira ta leƙa kwanon ta ce wannan abincin asibiti ne. Madam Ornella ta ce a Milano har a manyan gidajen abinci ana sayar da ita, ana ma shan ta da sanyi lokacin zafi. Tsohuwar ta ce ai mutanen da za su sha miya da sanyi babu abin da ba za su aikata ba. Daga nan suka bi Italiya lardi-lardi. Mutanen Genova, in ji su, suna kirɓa ɗanyen ɗoɗɗoya da tafarnuwa da cuku su zuba a kai har miyar ta koma kore. A kan wannan kaɗai suka yarda da juna cewa ɓarna ce. Mutanen Toskana suna barin tasu ta kwana su sake tafasa ta, har sun sa mata suna don kada a ce rowa ce. Wasu taliya suke kakkaryawa a ciki. Wasu ba sa sa tumatir. Wata maƙwabciya, wadda ba ta nan balle ta kare kanta, an taɓa kama ta da ta gwangwani. Uban Youssouf yana tsakaninsu yana nazarin burodin da ke hannunsa. Na lura Alhaji ya dube shi da wani abu mai kama da tausayi.

"Faɗan me suke yi?"

"A kan wadda ta fi asali cikin miyoyin biyu."

Alhaji ya gyara zama. An zo fanninsa.

"To tambaye su. Mene ne asalinta?"

Madam Ornella ta riga kowa. Ta ce tun zamanin Rumawa ake yin ta, sojojin da suka ci duniya da ita suka ƙoshi. Na fassara, na ƙara da cewa Rumawan nan ba su taɓa ganin tumatir ko dankali ko irin wannan waken ba, duk daga Amurka aka kawo su daga baya. Ba wanda ya tambaye ni, amma mutum ba ya shekara da shekaru a jami'a don ya yi shiru a inda ya dace.

Madam Palmira ta bar surukarta ta gama. Sannan ta jawo kujera ta zauna daura da Alhaji, ta yi magana tana kallonsa shi, ba ni ba.

Ta ce ita ba ta san Rumawa ba, ba su taɓa zuwa ƙauyensu ba sai don karɓar haraji. Miyar ba ta da asali. Abin da ya rage ne. Abin da lambu ya bayar a wannan mako, da abin da jiya ta bari, shi ake zubawa, shi ya sa ta kowane gari daban, ta kowane wata daban. Ta ce wadda ta koya a kanta ba ta da karas, ba ta da dankali. Lokacin yaƙi ne, tana budurwa, sojoji sun tsaya a kwarinsu duk damina da sanyi, waɗannan su kwashe awaki, waɗancan su jefo bam. Suka koma cikin kogon dutse. Da sassafe uwarta za ta tura su ita da ƙannenta su tsinko ganyen daji, wani mai ɗaci, wani mai ƙaiƙayi a hannu. A ƙirga wake a tafin hannu a jefa. In an sami ɓawon burodi, ranar salla ce. Ƙaramin ƙanenta bai kai bazara ba.

Ta faɗe shi duka kamar mai karanta farashin kaya. Na fassara yadda na iya.

Alhaji bai ce Allah ya jiƙansa nan take ba, abin da ya ba ni mamaki. Ya matso gaba.

"Tambaye ta. Mai ɗacin nan, ruwan farko zubarwa suke?"

Na tambaya. Tsohuwar ta ɗaga gira.

"Dole. In ba ka zubar ba ciki zai murɗa."

"Na biyu fa?"

"In akwai itace. In babu, a sha haka a yi kuka."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce in gaya mata a wajensu akwai 'ya'yan wani itace, anza, shi sai an jiƙa shi kwana da kwanaki ana sauya ruwa, kuma wanda yunwa ta hana shi jira ba ya ba da labari. Ta tambayi ko yara suna yarda su ci. Ya ce da farko ana dukansu su ci, daga baya ana dukansu su bar wa wasu. Ta yi wata gajeriyar dariya, shi ma ya yi. Mu sauran, masu takardun shaida, muka zauna kamar an bar mu a waje.

Sai ya miƙa hannu ya ɗauki cokalin. Youssouf ya kafa wa cokalin ido. Alhaji ya juya cokalin, ya duba bayansa, ya mayar da shi inda yake, ya daidaita shi da gefen kwanon. Ya ce lokacin salla ya yi, a nuna masa gabas.

Na rubuta wa Kausar: Pas encore, wato tukuna. Wannan ita ce fassara mafi sauƙi da na samu.

Da muka zo tafiya, Madam Palmira ba ta ba kowa hannu ba. Ta ɓace cikin kicin, ta fito da jar tukunyar an naɗe ta da tsumma mai gida-gida, an ƙulle kusurwoyin a sama, daidai yadda ake ƙulle kwanon da za a kai wa mai jego a Damagaram. Ba ta miƙa ba. Ta tura ta a ƙirjin Alhaji ta saki. Ko ya kama ko ta faɗi. Ya kama.

"Ka gaya masa ba a taɓa fita gidana da yunwa ba, ba kuma shi zai fara ba. Tukunyar ma ba na so. Don shi na saya."

Na rage wa maganar kaifi kafin in miƙa ta. Alhaji ya ce ba sai na wahala ba, ya ji sautin.

A jirgi ya ƙi a sa tukunyar a wajen kaya. Ya ɗora ta a cinya ya riƙe da hannu biyu, babbar rigarsa ta lulluɓe rabinta. Wata Baturiya da ke gabanmu ta yi ta satar kallo, ina jin tana tunanin ko ta kira ma'aikaci. Mun yi nisa, gonaki suna wucewa, kafin ya yi magana.

"Shekarar saba'in da uku, ta yunwa, Attahiru yana lakwal, makarantar boko. Ni nake kai masa abin da aka samu. Na ciyar da shi da ganye don kada ya bar karatu. Karatun ya kawo shi nan, bai koma mini ba sai a akwati." Ya gyara ƙullin tsumman. "Yanzu 'yar ma a ce ta tafi. Wa zai san kabarinsa?"

Ya juyo ya dube ni.

"Da a'a ɗina na zo, Uzairu. Tun daga gida na ɗauko ta."

"Na sani, Alhaji."

"Sabuwar wuƙa," ya ce, ba da ni ba. "Har da wuƙa."

A La Courneuve na'urar hawa bene ta lalace kamar kullum. Na ce ya kawo in ɗauka, ya ce shi aka ba. Hajiya Safara'u ta buɗe ƙofa, ta dubi tukunyar, ta dube ni, na kawar da kai. Kausar tana tsaye a bakin kicin da waya a hannu. Ta gaida Baffanta ta karɓi takalmansa. Alhaji ya yi alwala, muka yi magariba, ya daɗe yana jan carbi.

"Safara'u."

"Na'am, Yaya."

"Akwai garin masara a gidan nan?"

"Akwai."

"A tuƙa tuwo. A ɗumama wannan abin. Kada a ƙara masa komai."

Aka shimfiɗa masa leda a ƙasa. Burodin ya riga ya narke a hanya, miyar ta yi kauri har tana kama loma. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsuri tuwo ya dangwala. Ya tauna a hankali, yana kallon bango.

"Ba yaji," in ji shi. "Ba daddawa. Gishirin ma tsoronsa aka ji."

Ya sake gutsura. Ya ce in matso, ai ni ma tun safe nake kallon abinci kamar maraya. Muka ci har muka ga gindin kwano, ya ce a ƙaro.

Kausar ba ta motsa daga bakin kicin ba. Da ya sa hannu a ruwan wanki sai ta kasa daurewa.

"Baffa, to me ya sa ba ka ci a can ba? Youssouf ya ce tsohuwar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa."

"Da farko ban yi niyyar ci ba."

"Daga baya fa?"

Ya dube ta kamar yadda ake duban wanda aka kashe kuɗi a kan tarbiyyarsa a banza.

"Ke, a ina kika taɓa ganin mutum da girmansa ya zauna yana shan miya a gaban surukarsa?"

Hajiya Safara'u ta sa gefen mayafi a baki. Kausar ta juya ta shige kicin, muka ji an buɗe famfo da ƙarfi, an daɗe ba a rufe ba.

"Safara'u, a wanke tukunyar nan a cire mata takardar. A sa ta cikin kayan ɗakin yarinyar. Ƙarfenta mai kyau ne. Kai kuma ka gaya wa yaron ya turo manyansa. Ya zo da uban, bawan Allah ya ɗan sha iska."

An ɗaura auren kafin Alhaji ya koma. Ya sake zuwa Faransa bayan haka, don ɗaya idon da kuma suna, kuma kowane zuwa sai ya sa an kai shi Saint-Fons ya gaida Madam Palmira. Su zauna a lambu suna musu a kan wake, ni a tsakiya. Kausar ta yi mata bayanin al'adar, cewa girmamawa ce. Tsohuwar ta ce a duk girmamawar da ta ji labari ba ta taɓa jin marar kan gado irin wannan ba. Ba ta daina zuba masa a kwano ba, shi kuma bai daina gode mata da hannuwa a kan gwiwa ba. Ta rasu a 2013, shi ya bi bayanta ba da jimawa ba, aka sayar da gidan, wanda ya saya ya zuba siminti a lambun don ajiye mota. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ganin mutumin nan ya kai ko ruwa bakinsa ba.